Yaɗa Bayolet na Afirka

Yaɗa bayolet na Afirka shi ne samar da sababbin tsirrai daga tsohon tsiro na furen da masana ke kira Saintpaulia, ko dai ta ganye, ko ta 'ya'yan da ke tohowa a gindinsa, ko ta sandar fure, ko ta iri. Bayolet na Afirka ƙaramin tsiro ne mai kaurin ganye da gashi-gashi, wanda ake ajiyewa a tukunya a cikin ɗaki saboda furensa. Asalinsa daga tsaunukan Tanzaniya da kudu maso gabashin Kenya ne, amma a yau yana cikin furannin cikin gida da aka fi sani a Turai, Amurka da Japan.

Abin da ya sa ya bazu haka shi ne sauƙin yaɗa shi: ganye ɗaya da aka yanka aka dasa yana iya ba da tsirrai da dama masu kama da uwarsu. Wuyar aikin tana zuwa ne lokacin raba 'ya'yan da sauya musu tukunya. A nan aka fi yin asara, kuma galibi saboda abu biyu ne: tukunyar da ta yi wa tsiron girma, da ruwan da ya yi yawa.

Suna

Sunan Saintpaulia ya samo asali ne daga sunan Walter von Saint Paul-Illaire, Bajamushen da ya aika irin tsiron zuwa Turai. Nau'in farko da aka bayyana an sa masa suna Saintpaulia ionantha. Kalmar ionantha ta ginu ne daga kalmomin Girkanci biyu, ion mai nufin furen bayolet da anthos mai nufin fure, wato mai fure irin na bayolet. Jamusawa suna kiransa Usambaraveilchen, ma'ana bayolet na Usambara, saboda tsaunukan da aka samo shi.

Duk da wannan suna, ba shi da dangantaka ta kusa da ainihin bayolet na rukunin Viola. Kamannin fure da launin shunayya ne kawai suka haɗa su. Bayolet na Afirka yana cikin dangin Gesneriaceae. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa yana cikin rukunin Streptocarpus, don haka a shekarar 2015 masana suka mayar da shi can, nau'in da aka fi sani ya koma Streptocarpus ionanthus. Masu sayar da furanni da masu kiwonsa har yanzu da tsohon sunan suke amfani.

Tarihi

A shekarar 1892 Walter von Saint Paul-Illaire, wanda yake jami'in mulkin mallaka na Jamus a gundumar Tanga, ya samu tsiron a yankin Usambara. Ya aika wa mahaifinsa irinsa a Jamus, mahaifin kuma ya miƙa wa Hermann Wendland na lambun Herrenhausen da ke Hanoba. Wendland ne ya bayyana shi a ilmance ya sa masa suna a 1893, kuma a wannan shekarar aka nuna shi a baje kolin furanni na birnin Ghent a Beljiyam. Kamfanin iri na Ernst Benary da ke Erfurt ne ya fara sayar da irinsa.

Kasuwarsa ta buɗe sosai a Amurka. Kamfanin Armacost and Royston na Los Angeles ya sayo iri daga Jamus da Ingila, ya shuka, ya zaɓi guda goma da suka fi kyau ya fitar da su kasuwa a 1936. A cikinsu akwai Blue Boy, wanda ya zama tushen ire-ire masu yawa da suka biyo baya. A 1946 aka kafa ƙungiyar African Violet Society of America a birnin Atlanta, kuma ita ce ke rajistar sunayen sababbin ire-ire na duniya. A yau akwai dubban ire-ire masu fure shuɗi, shunayya, ruwan hoda, ja da fari, wasu falle ɗaya wasu ninki-ninki. Kusan dukansu ta ganye ake riƙe su daga hannu zuwa hannu, domin iri ba ya maimaita kamannin uwa.

Yadda yake rayuwa a daji

A daji bayolet na Afirka yana fitowa ne a inuwar manyan itatuwa, a jikin duwatsu da gefen ƙoramu, inda ƙasa ba ta wuce ɗan ruɓaɓɓen ganye da gansakuka da suka taru a tsagar dutse ba. Ruwan sama yana sauka ya wuce da sauri, iska kuma tana da laima. Saboda haka saiwoyinsa sirara ne, gajeru, suna bazuwa gefe maimakon su nutse ƙasa, kuma suna buƙatar iska kamar yadda suke buƙatar danshi. Duk ƙa'idojin dashensa daga nan suka fito: ƙaramar tukunya mara zurfi, ƙasa mara nauyi, haske ba tare da rana kai tsaye ba, da ruwa daidai gwargwado.

Yaɗawa ta ganye

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi. Ta yi kama da yadda ake dasa rogo ko rake daga kara, inda sabon tsiro ke ɗauko duk halayen uwa. Bambancin shi ne a nan ganye ɗaya da ɗan karansa sun isa, domin ƙwayoyin halittar da ke bakin yankan suna iya fitar da saiwa da toho duka.

Ganyen bayolet suna jere ne a da'ira kewaye da tsakiya. Ana zaɓar ganye daga layin tsakiya, wanda ya gama girma amma bai tsufa ba. Ganyen waje da suka fara laushi suna jinkirin toho ko su ruɓe, na can ciki kuma ba su yi ƙwari ba. Idan irin mai ganye ne da ratsin fari, ana ɗaukar wanda ya fi kore, saboda farin ɓangaren ba ya haɗa wa tsiro abinci.

Matakan su ne:

1. A ɓalle ganyen tun daga gindi, kada a bar guntun kara a jikin uwa domin yana ruɓewa.
2. A yanke karan da reza mai tsabta, a bar tsawon santimita 2 zuwa 4. Ana yin yankan a karkace, fuskar yankan tana kallon sama, domin 'ya'yan su fito ta gaban ganye inda haske yake.
3. A cika ƙaramin kofin roba mai huji a ƙasa da cakuda mara nauyi da aka ɗan jiƙa.
4. A soka karan kimanin santimita 1 zuwa 1.5 kawai. Idan aka nutsa shi da yawa, 'ya'yan sukan daɗe kafin su ɓullo, kuma su fito a raunane.
5. A rubuta sunan irin da ranar dashe a jikin kofin.
6. A rufe da farar leda ko murfi mai nuna ciki domin riƙe laima, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukan wurin.

Saiwa takan fito cikin mako 3 zuwa 4. 'Ya'yan kuma sukan fara leƙowa daga ƙasa bayan mako 6 zuwa 12, gwargwadon iri da ɗumin wuri. Wani lokaci ganyen yakan ci gaba da girma da kansa ba tare da ya ba da 'ya'ya ba. Masu kiwo sukan yanke kashi ɗaya cikin uku na saman ganyen domin ya daina girma ya mayar da ƙarfinsa ga toho.

Wasu suna fara saka karan a ruwa. Ana rufe bakin ƙaramar kwalba da takarda ko leda, a huda, a zura karan yadda bakinsa kaɗai zai taɓa ruwa. Amfanin wannan shi ne ana ganin saiwar da ido. Illarsa kuwa saiwar da ta fito a ruwa tana da rauni, kuma idan aka mayar da ita ƙasa tsiron yakan tsaya na ɗan lokaci kafin ya saba. Don haka ana dasa shi tun saiwar ba ta wuce santimita 1 ba.

Yaɗawa ta 'ya'yan gindi

Babban tsiro yakan fitar da ƙananan toho a tsakanin ganye da gangar jikinsa. Idan aka bar su, sukan ɓata da'irar ganyen su rage fure, shi ya sa ake cire su. Wanda ya kai ganye huɗu ana iya ɓalle shi da bakin fensir ko ƙaramar wuƙa, a ɗora a kan cakuda mai danshi, a rufe da leda. Yakan yi saiwa cikin 'yan makonni, kuma yana riga na ganye yin fure domin ya riga ya zama cikakken tsiro. Sabon mai kiwo yakan rikita tohon fure da ɗan gindi tun suna ƙanana. Tohon fure yana da ganye biyu ne kawai, ɗan gindi kuma yana ci gaba da ƙara ganye.

Yaɗawa ta sandar fure

Akwai ire-iren da ake kira kaimera, waɗanda kowane fallen furensu ke da ratsi a tsakiya da launi dabam da na gefe. Jikin irin wannan tsiro ya ƙunshi shimfiɗun ƙwayoyin halitta biyu masu gado dabam-dabam, ɗaya a kan ɗaya. Tohon da ya fito daga yankan ganye yakan samo asali daga shimfiɗa ɗaya kawai, don haka furensa yakan zo da launi ɗaya, ratsin ya ɓace. Domin a riƙe ratsin, sai an yi amfani da ɗan gindi ko sandar fure. A jikin sandar fure akwai ƙananan ganye biyu a ƙasan inda furanni suka rabu. Ana yanke furannin, a yanke sandar ɗan ƙasa da waɗannan ganye, a dasa. Toho yana fitowa daga hammatar ganyen. Hanyar tana da jinkiri kuma ba kullum take kamawa ba, shi ya sa kaimera ya fi sauran tsada.

Yaɗawa ta iri

Masu neman sabon launi ko sabon fasali ne ke amfani da iri. Ana ɗaukar garin fure daga wani tsiro a shafa wa wani, sannan a jira kwanson iri ya nuna ya bushe, abin da ke ɗaukar watanni. Irin ƙanana ne kamar ƙura. Ana barbaɗa su a saman cakuda mai danshi ba tare da an rufe su da ƙasa ba, domin suna buƙatar haske kafin su tsiro. Tsirran da suka fito kowanne da kamanninsa. A ƙa'idar rajista, sai an yaɗa sabon iri ta ganye har zuriya uku an ga bai canja ba kafin a karɓi sunansa.

Manyan kamfanonin furanni kuma suna yaɗa shi a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake ɗora ƙananan yankan ganye a kan abinci na musamman cikin kwalabe marasa ƙwayoyin cuta, a samu tsirrai masu yawa a lokaci ɗaya.

Raba 'ya'ya daga uwar ganye

Ganye ɗaya yakan ba da 'ya'ya da dama a cunkushe wuri ɗaya. Idan aka bar su haka za su yi ta gasar haske, su yi tsawo a karkace. Idan kuma aka yi gaggawar raba su, ba su da saiwar da za ta riƙe su. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da kowanne ya yi ganye huɗu ko fiye, manyan ganyensa sun kai girman farcen babban yatsa. Wannan yakan kama wata 3 zuwa 5 bayan dasa ganyen. 'Ya'yan iri mai ratsin fari sukan fito fari fat, kuma ba a raba su sai sun yi kore sosai, domin kafin nan uwar ganye ce ke ciyar da su.

Ana barin cakudar ta ɗan sha iska kafin aikin, domin ganyen da ya ƙoshi da ruwa yana saurin karyewa. Sai a juye kofin, a kakkaɓe ƙasar a hankali, a ɓalle uwar ganye. Daga nan a nemi tsakiyar kowane ɗa, a janye shi da yatsu tare da rabonsa na saiwa. Wanda ya fito ba saiwa ba a yar da shi, ana dasa shi a rufe kamar ɗan gindi. Kowanne yana shiga tukunyarsa shi kaɗai, mai faɗin santimita 5 zuwa 6. Ana daidaita zurfin yadda ganyen ƙasa za su tsaya daidai saman ƙasa. Idan aka binne tsakiyar tsiron zai ruɓe, idan kuma ya yi sama da yawa zai riƙa girgiɗi. Uwar ganye idan tana da ƙwari ana iya sake yanke karanta a dasa karo na biyu.

Tukunya da ƙasa

Ƙa'idar da masu kiwo suka sani ita ce faɗin tukunya ya zama kashi ɗaya cikin uku na faɗin ganyen tsiron daga gefe zuwa gefe. Tsiro mai faɗin santimita 30 tukunya mai santimita 10 ta ishe shi. Dalili shi ne ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana riƙe ruwa ta daɗe a jiƙe, iska ta ƙare a cikinta, saiwa ta ruɓe. Bayan haka bayolet ya fi yin fure idan saiwarsa ta cika tukunya. Gajeriyar tukunya ta fi mai zurfi, kuma dole ta kasance da huji a ƙasa.

Ana kasa ire-iren bisa faɗinsu. Ƙanana ba sa wuce santimita 15, matsakaita suna kaiwa 20, na yau da kullum suna tsakanin 20 da 40, manya kuma sun haura 40. Ƙananan ba sa buƙatar tukunyar da ta wuce santimita 6 duk tsawon rayuwarsu.

Tukunyar yumɓu tana shan iska kuma tana saurin bushewa, amma gishirin taki yakan taru a bakinta ya ƙona karan ganyen da ya kwanta a kai. Ta roba ta fi riƙe danshi kuma ta fi sauƙin wankewa. Ƙasar lambu ba ta dace ba, domin tana daskarewa kuma tana ɗauke da ƙwari. Cakudar da aka saba ta ƙunshi ruɓaɓɓiyar gansakuka da ake kira fit, da falayit, wato farin dutsen aman wuta da aka gasa ya kumbura ya zama mara nauyi, da bamikulayit mai riƙe danshi. Da yawa suna haɗa su kashi ɗaya-ɗaya. Wasu suna sa garin ɓawon kwakwa a madadin gansakuka. Tsiron ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, kimanin 6 zuwa 6.5 a ma'aunin pH.

Sauya tukunya

Ƙaramin tsiro ana ƙara masa tukunya mataki-mataki, misali daga santimita 6 zuwa 8, sannan zuwa 10, ba a tsallake. Alamar lokaci ya yi ita ce ganye ya zarce ninki uku na faɗin tukunya, ko saiwa ta leƙo ta huji. Babban tsiro kuma ana sauya masa ƙasa duk wata 6 zuwa 12 ko da ba za a ƙara masa tukunya ba, domin tsohuwar cakuda tana daskarewa, tsaminta yana ƙaruwa, gishirin taki yana taruwa.

Wata dabara mai sauƙi ita ce a zuba sabuwar cakuda a babbar tukunya, a sa tsohuwar tukunyar a tsakiya a cika gefenta, sannan a zare ta. Ramin da ta bari daidai yake da dunƙulen saiwar, sai a zura tsiron ba tare da an taɓa saiwarsa ba. Ba a danna ƙasa da ƙarfi. Ana ɗan buga tukunyar a tebur ta zauna da kanta.

Yayin da tsiro ke tsufa ana cire ganyensa na ƙasa, sai gangar jikinsa ta fito tsirara kamar wuya. Idan wuyan bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, ana kankare busasshiyar fatarsa a hankali, a yanke daidai wannan tsawon daga ƙasan dunƙulen saiwa, a mayar da tsiron tukunyarsa ya nutse, a rufe wuyan da sabuwar cakuda. Sabuwar saiwa za ta fito daga wuyan. Idan ya yi tsawo sosai ko saiwar ta ruɓe, ana yanke kan gaba ɗaya da ɗan guntun wuya, a rage ganye, a cire furanni, a dasa a rufe da leda har kimanin wata ɗaya.

Kulawa bayan dashe

Sabon dashe ana ba shi ruwa kaɗan, a rufe shi da leda na mako ɗaya ko biyu, sannan a riƙa buɗewa sannu a hankali har ya saba da iskar ɗaki. Ba a ba shi taki sai ya nuna sabon girma, sannan a fara da mai rauni, kamar rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Ɗumin da ya fi so shi ne digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da 15 girmansa yana tsayawa, idan kuma zafi ya kai 30 fure yana raguwa, ruɓa tana saurin kama shi. A wurare masu tsananin zafi ana ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, kuma ana guje wa dashe a lokacin bazara. Yana son haske mai yawa wanda labule ya tace. Masu amfani da fitilar lantarki sukan kunna ta awa 10 zuwa 14 a rana, su bar shi cikin duhu aƙalla awa 8, domin duhun ma yana cikin abin da ke sa shi fure.

Ruwan ban shi ya zama mai ɗumin ɗaki. Ruwan sanyi idan ya taɓa ganye yana lalata ƙwayoyin da ke ɗauke da koren ganye, ya bar tabo rawaya mai zobe wanda ba ya gogewa. Shi ya sa da yawa suke zuba ruwa a faranti a ƙarƙashin tukunya, su zubar da ragowar bayan kamar rabin awa. Wasu suna zura lagwani na zaren roba ta hujin tukunya zuwa wani mazubin ruwa a ƙasa, tsiron ya riƙa ja da kansa. Wannan hanya tana buƙatar cakuda mai falayit da yawa. Daga dasa ganye zuwa furen farko yakan ɗauki wata 8 zuwa shekara ɗaya.

Matsaloli

Ruɓar gindi da ta saiwa ita ce babbar matsala, kuma ƙwayoyin Pythium da Phytophthora ne ke jawo ta a ƙasa mai yawan ruwa. Alamarta tana ruɗarwa: ganye yana yin laushi kamar mai jin ƙishirwa alhali ƙasa a jiƙe take, mai shi ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Idan karan ganyen da aka dasa ya yi baƙi, ana yanke ruɓaɓɓen wurin a sake dasawa a sabuwar cakuda.

Daga cikin ƙwari akwai wani ɗan mitsitsi da ido ba ya gani, Phytonemus pallidus, wanda ke sa tsakiyar tsiro ta cure ta yi tauri. Akwai fararen ƙwari masu kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye ko a saiwa, da wasu sirara da ke shiga fure su zubar da garinsa. Farar fumfuna kuma tana bayyana inda iska ba ta zagayawa. Tun da ganyen da aka karɓo daga wani wuri yana iya zuwa da waɗannan, ana ware sabon tsiro na wasu makonni, a wanke tsofaffin tukwane, a goge reza da barasar asibiti tsakanin tsiro da tsiro.

Halin da yake ciki a daji

Yayin da ire-iren gida suka yawaita, na daji suna raguwa saboda sare dazuzzuka domin noma da katako. Idan inuwa ta tafi, duwatsun da suke kai suna bushewa. Wasu nau'o'in a wuri ɗaya tak ake samun su, kamar Saintpaulia teitensis na tsaunukan Taita a Kenya, wanda ke cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A Tanzaniya an kafa gandun Amani a gabashin Usambara a 1997, kuma yana kare wani ɓangare na dajin da tsiron ke rayuwa. Lambunan bincike da wasu masu kiwo suna riƙe nau'o'in daji ta hanyar dasa ganye. Sai dai duk tsirran da suka fito daga ganye ɗaya gadonsu ɗaya ne, don haka ba sa maye gurbin bambancin gado da ke cikin tsirran da ke hayayyafa ta iri a daji.